Gaɓar da Ke Ɗauke da Kalma

Kalmar apel a harshen Indunusiya aiki biyu take yi. Ita ce tuffa, ita ce kuma jeruwar safe da sojoji da ma'aikatan gwamnati da 'yan makaranta ke yi a fili a kira sunayensu. Haruffa huɗu ne, rubutu iri ɗaya. Duk biyun daga bakin Turawan Holan aka aro su, waɗanda suka daɗe suna mulkin tsibiran kafin shelar 'yancin kai ta 17 ga Agusta 1945. A bakin mutumin Holan, abin da ya raba kalmomin shi ne inda murya ke sauke nauyinta: in ya danna gaɓar farko tuffa yake nufi, in ya danna ta ƙarshe kiran suna. Mutanen tsibiran suka karɓi kalmomin, suka bar wa masu su nauyin, suka riƙe abin da kunnensu ya kama, wato launin wasalin ƙarshe. A tuffa e ɗin a dushe take, da ƙyar ake jin ta. A kiran suna kuwa tas take fitowa. Har gobe da haka suke rarrabewa, kuma ba a taɓa jin wanda ya rikice ya kai kwandon tuffa filin fareti ba.

Jikokin waɗancan mutane ne yau ke cika azuzuwan Jamusanci a Jakarta da Bandung da Yogyakarta da Malang da Medan, wasu a sakandare, wasu a jami'a, wasu a cibiyar Goethe. Jamusanci kuwa ɗan'uwan harshen Holan ne na jini. Yana da APfel, yana da ApPELL (zan riƙa rubuta gaɓar da ake dannawa da manyan haruffa), kuma abin nan da kakanni suka ƙi ɗauka shi ne yake fara nema a hannun ɗalibi.

Jamusawa suna ce masa Betonung. Malaman Indunusiya suna cewa tekanan kata, daga tekan, wato danna, don haka ni ma danni zan kira shi. A Jamusanci duk kalmar da ta wuce gaɓa ɗaya akwai gaɓar da ta fi sauran gata. Ana daɗewa a kanta, wasalinta yana fita cikakke, murya tana ɗan tashi ko ta sauka daidai wurin, iska ma ta fi fitowa da ƙarfi. Sauran gaɓoɓin kuwa sai yadda hali ya yi. Kalmar haben, a samu ko a mallaka, a littafi gaɓa biyu ce sak. A bakin mai magana a natse ta koma habm, a bakin mai sauri ta zama ham. Harshen Indunusiya bai san wannan irin rabo ba. Shi rabon naman layya yake yi wa gaɓoɓinsa, kowa kashinsa daidai da na ɗan'uwansa: te-ri-ma ka-sih, se-la-mat pa-gi. Jamusanci kuwa babban ɗa yake kira ya ba shi cinya, ƙanne su yi ta gwaguyar ƙashi.

Bahaushe ya fi kowa dacewa ya gane wannan matsala, amma ta bayan gida. Mu da karin sauti da tsawon wasali muke raba ma'ana. Kuka na hawaye daban, kuka ta miya daban. Gari na mutane daban, garin tuwo daban. Rubutun boko bai nuna ko ɗaya ba, mu kuwa ba ma rikicewa. Amma Bajamushen nan ɗan mishan, J. F. Schön, da ya fitar da nahawun Hausa a 1862, bai sa wa karin sauti alama ba, ga shi kuwa mutum ne da ya yi shekaru yana sauraron Hausawa. Sai can a 1934 ƙamus ɗin Bargery ya zo da alamun karin sauti kalma bayan kalma. Ba rashin basira ya hana Schön ba. Kunnensa ya taso yana farautar gaɓa mai ƙarfi, hawa da saukar murya kuwa a wurinsa kayan tambaya ne da mamaki da fushi, ba abin da ke raba kalma da kalma ba. Abin da ya same shi a Hausa shi ke samun ɗalibar Bandung a Jamusanci, sai dai an juya riga.

Littattafan nahawun Indunusiya sun daɗe suna koyar da cewa harshen yana da danni, kuma a gaɓa ta biyun ƙarshe yake zama: MAkan, ci, maKANan, abinci, sai fa in wannan gaɓa tana ɗauke da dusasshiyar e ɗin nan da suke kira pepet, sai ya matsa gaba, kamar a besar, babba. Doka ce mai kyan gani a allo. Masu bincike a jami'ar Leiden ta Holan, irin su Ellen van Zanten da Rob Goedemans da Vincent van Heuven, suka ɗauki muryoyi suka auna, suka kuma riƙa matsar da nauyin daga gaɓa zuwa gaɓa da na'ura suna kunna wa masu harshen. Abin da suka wallafa a 2007 ya nuna cewa wanda harshen gidansu Jawa ne ba shi da wata gaɓa tsayayya da yake dannawa, kuma ko a ta ƙarshe aka sa nauyin ko a ta kusa da ita, bai ga abin gyara ba. Abin da Turawan farko suka ji suka kira danni, yawancinsa tashin muryar ƙarshen zance ne, mallakar jimla ba ta kalma ba.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Indunusiya ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 270 da harsuna sama da 700, harshen ƙasar kuwa wani reshe ne na Malay da matasa suka yi rantsuwar riƙo da shi a taronsu na 28 ga Oktoba 1928. Mutane da yawa a makaranta da kasuwa suka koye shi, kowa ya shigo da kiɗan harshen uwarsa. Batak Toba na arewacin Sumatra suna da danni na gaske a harshensu, har kalmar da ke nufin tsawo da wadda ke nufin dogo shi kaɗai ya raba su, kuma binciken Leiden ya tarar suna shiga da shi cikin harshen ƙasa. Wani abin dariyar tarihi shi ne, su ne kuma mutanen da Jamusawa suka fi daɗewa a cikinsu. Ɗan mishan Ludwig Nommensen ya sauka Sumatra a 1862, shekarar da littafin Schön ya fito, ya zauna a ƙasar Batak har mutuwarsa a 1918, yau ma akwai jami'a mai sunansa a Medan. Don haka in malama ta shiga aji ta tarar da ɗan Solo na ƙasar Jawa da ɗan Batak na gefen tafkin Toba a benci ɗaya, fasfo ɗinsu iri ɗaya ne, kunnuwansu ba iri ɗaya ba.

A ganina nan ne gizo ke saƙar, a kunne, ba a harshe ba. Leɓe da harshen ɗan Jawa lafiyarsu lau, in ya ga dama zai danna kowace gaɓa, yana ma yin haka kullum in ransa ya ɓaci ko abu ya burge shi. In yana so ya ce abu ya yi nisa ƙwarai, sai ya ja ƙarshen jauh har numfashi ya ƙare. Abin da bai saba ba shi ne ya adana dannin a ƙwaƙwalwa tare da kalmar, a matsayin wani yanki na jikinta. A 1997 Emmanuel Dupoux da abokan aikinsa sun gwada wannan a kan Faransawa da 'yan Sifen da kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana. Ɗan Sifen, wanda a harshensa BEbe yana sha ne, beBE kuma jariri, nan take yake rarrabewa. Bafaranshe, wanda harshensa kullum a ƙarshe yake ajiye nauyi, sai ya yi ta tuntuɓe, musamman in aka sa shi ya riƙe kalmomin a ka na ɗan lokaci. Suka laƙaba wa abin suna kurumtar danni. Sunan ya ɗan yi tsauri, don mutumin yana ji sarai in an jera masa biyun a kusa. Ajiyewa ce ba ya yi. Malama ta ce ARbeit, ɗalibi ya maimaita ARbeit daidai, ta yaba masa. Gobe ya dawo da arBEIT, kuma in ka rantsar da shi zai ce abin da aka koya masa ke nan.

Me ya sa Jamusanci ya ɗora wa gaɓa ɗaya wannan kaya? Tun kafin a fara rubuta shi, kakan harsunan wannan dangi ya kafe danni a gaɓar farko ta tushen kalma, daga nan sai ƙarshen kalmomi ya shiga zaizayewa. Tsohon Jamusanci na shekaru dubu da suka wuce yana da zunga da namo da herza, kowace da cikakken wasalinta a ƙarshe, har ka ce da kunnen ɗan Indunusiya aka ƙera su. Yau sun zama Zunge da Name da Herz: harshe, suna, zuciya. Kalmomin da aka aro daga Rumawa tun da wuri su ma haka aka murƙushe su. Fenestra ta koma FENster, taga. Moneta ta koma MÜNze, tsabar kuɗi. Birnin Colonia mai gaɓa huɗu ya tsuke ya zama Köln mai gaɓa ɗaya tal, Kolon ɗin nan da tsofaffin masu sauraron rediyo suka sani kafin tashar Deutsche Welle ta koma Bon a 2003. 

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi: danna farko ka wuce. To amma daga baya, lokacin da Faransanci ke tashe a fadojin sarakunan Jamus, Latin kuma a jami'o'i, kalmomi suka kwararo da nasu nauyin a baya, aka kuma bar su yadda suka zo: MuSIK, NaTION, UniversiTÄT, stuDIEren. Wasu ma ba sa zama wuri ɗaya. DOKtor ɗaya ne, in sun yi yawa DokTOren. MuSIK kiɗa, MUsiker makaɗi, musiKAlisch mai kunnen kiɗa. Sunan babban birnin ma tarko ne, don asalinsa ba Jamusanci ba ne, na Silabawan da suka riga zama wurin ne: BerLIN ake cewa, alhali HAMburg da AAchen a gaba suke ɗauke da nasu. Har a cikin kalmomin gida akwai 'yan tawaye. LEben rayuwa ce, amma rayayye leBENdig ne, ba kuma dalilin da za a ba ɗalibi ya gamsu.

Waɗannan kalmomin aro su suka fi cin ɗan Indunusiya, saboda ya san su tun yana yaro. Holan ta bar masa dokter da apotek da polisi da musik da pasien da infus da tablet. In ya gan su a littafin Jamusanci sai ya ji kamar ya haɗu da 'yan garinsu a tasha, ya saki jiki ya furta su yadda ya saba. Alhali a can ApoTHEke ce, PoliZEI, PaTIENT, InfuSION, TabLETte. Kalmar da bai taɓa gani ba, irin su Schmerz, ciwo, yakan tsaya ya saurara da kyau. Wadda ya sani kuwa, wa zai tsaya sauraron abin da ya riga ya sani?

Ba da gangan na ɗebo misalan asibiti ba. Jamus tana fama da ƙarancin ma'aikatan jinya, kuma a 2021 hukumomin ƙasashen biyu suka sa hannu kan ɗaukar nas-nas daga Indunusiya a ƙarƙashin shirin Triple Win. Ana so mutum ya kai matakin B1 a harshe kafin ya tashi, ya kai B2 a can kafin a amince da takardarsa. Ɗauki ɗaya daga cikinsu tana aikin dare. Ta shiga ɗakin wani dattijo da tiren magani, shi kuma yana so ya gaya mata ya riga ya sha: Ich habe die Tabletten schon genommen. A takarda gaɓa 11 ce. A bakin tsoho mai jin barci da ƙyar su kai 8, biyu ne kawai suka fito fili, LET da NOM, sauran duk a dunƙule. Kunnenta yana jiran kowace gaɓa ta zo ta gaishe shi, sai ya ji kamar an sace rabin maganar. Shi kuwa Bajamushe da waɗannan biyun yake gane jimlar duka. In ita ta buɗe baki ta ba kowace gaɓa haƙƙinta, dattijon ya rasa inda zai kama, sai ya karkato kunne ya ce, Wie bitte, Schwester? Wato, me kika ce, nas? Ba kuskuren nahawu ta yi ba ko ɗaya. Ga kuma lambobi: VIERzehn 14 ne, VIERzig 40, FÜNFzehn 15, FÜNFzig 50. Bambancin yana cikin gaɓar da aka yi wa rowar murya, kuma a wajen awon magani ba ƙaramin bambanci ba ne.

Akwai wani abu kuma da littattafan furuci ba su cika taɓawa ba, ni kuwa ina ganin ya kai sauran nauyi. A tarbiyyar Jawa ana auna mutum da halus da kasar, laushi da kaushi. Mai ladabi muryarsa a kwance take, ba hawa ba gangara, balle a gaban wanda zai kira Bapak ko Ibu. Buga gaɓa da ƙarfi a gaban babba alamar fushi ce ko rashin kunya, shi ya sa ma Jawawa ke tsokanar Batak da cewa hirarsu kamar faɗa. To yarinyar da aka rena a haka, ka ce mata ta tsaya a kan sa'an kakanta ta ce AUFstehen, BITte, tashi don Allah, tana danna farkon kowace kalma da gaske. Bakinta zai iya, zuciyarta ce ke ja da baya. Abin da Bajamushe ke ji a matsayin magana bayyananniya, ita tsawa take jin tana yi. Ita kuma muryar ladabin da ta zo da ita, a kunnensa sai ta zama ta mai shakka ko wanda bai damu ba. Malamin da bai faɗa wa ɗalibansa wannan a fili ba, zai yi ta gyara abu ɗaya har shekara ta ƙare.

Duk ajin da aka zo wannan babi, da umfahren ake buɗe shi. UMfahren ka banke mutum da mota, umFAHren ka kewaye shi. Aji ya kwashe da dariya, a kawo ÜBERsetzen, ƙetarar da mutum kogi, da überSETzen, fassara. A kawo AUgust sunan namiji da AuGUST watan Agusta. MOdern ruɓewa da moDERN na zamani. Misalai ne masu daɗi, amma ina ganin an cika kururuta su. Ba direban da ya taɓa take mutum don an danna masa gaɓar da ba ita ba, kuma a yawancin jimloli nahawu ya riga ya raba gardama, tunda mai bankewa cewa yake ich fahre um, mai kewayewa ich umfahre. Ɗalibi yakan fita daga darasin yana zaton danni matsalar kalmomi goma ce da za a haddace don jarrabawa, sauran dubban kuwa yadda aka faɗe su daidai ne.

Abin da ya fi cancanta a nuna masa yana cikin umfahren ɗin, amma ba wajen dariyar ba. A Jamusanci danni ne ke juya akalar nahawu. Ɗafa-goshin da ke ɗauke da danni shi ke ɓallewa ya tafi ƙarshen jimla: ANrufen, kiran waya, ich rufe dich AN. Wanda ba a dannawa, irin be da ver da er da ent, manne yake har abada. Haka kuma ge ɗin nan da ake liƙa wa aikatau in aiki ya wuce, ba ya zama sai in gaɓar da ke binsa mai danni ce. MAchen ya ba da geMACHT, KAUfen ya ba da geKAUFT, amma stuDIEren sai stuDIERT, beZAHlen sai beZAHLT, mai banke mutum UMgefahren, mai kewaye shi umFAHren. Yaron Jamus ɗan shekara biyar bai san sunan ko ɗaya daga cikin dokokin nan ba, kunnensa ne kawai ke ƙin gestudiert. Ɗalibin da bai ajiye danni a ka ba kuwa, jeri uku ko huɗu zai haddace, na masu rabuwa, na marasa rabuwa, na masu ƙarewa da ieren, na masu fuska biyu, alhali duk doka ɗaya ce ta kunne. Wahalar da yake sha a nahawu, rabinta bashin furuci ne yake biya.

Harɗaɗɗun kalmomi ma haka. Asibiti a Indunusiya rumah sakit ne, gida sannan ciwo, kamar yadda za mu ce gidan magani. Jamusanci juyawa yake yi, KRANkenhaus, ya kuma ɗora nauyin a kan ɓangaren farko mai bayani. Komai tsawon kalmar, kai ɗaya gare ta: BLUTdruck, hawan jini da saukarsa, BLUTdruckmessgerät, na'urar auna shi. Ɗan Indunusiya yakan datsa ta gida-gida, kowane yanki da nasa nauyin, sai mai sauraro ya ji kalma huɗu maimakon ɗaya. Wani lokaci har ma'ana takan gusa: BLUTarm mai ƙarancin jini ne, in kuwa aka danna ɓangarorin biyu daidai wa daida, talaka futuk ake nufi. Sai kuma cunkoson baƙaƙe. Bakin da ya mai da schroef ɗin Holan sekrup ba zai ga Herbst ko Strumpf ya ƙyale ba, sai ya cusa wasali a tsakani, kamar dai yadda muka yi wa sukurudireba da burodi. Da zarar gaɓa ta ƙaru, lissafin inda za a danna ya rushe. Tsawon wasali kuwa, da ke raba Stadt da Staat, gari da ƙasa, ko offen da Ofen, buɗaɗɗe da murhu, a gaɓa mai danni yake zaune, harshen Indunusiya kuma bai san shi ba sam. A wannan gaɓar dai Bahaushe ya sha da ludayinsa, don da shi aka haife shi.

Ba wai ɗalibin hannu rabbana ya zo ba. Pepet ɗin nan tasa ita ce dai dusasshiyar e ta beZAHlen da geMACHT, kuma ɗafa-goshinsa na ber da ter da me da ke sun koya masa tsallake gaɓar farko da sauri. Inda yake tuntuɓe shi ne ƙarshen kalma, don daidaitaccen harshensa bai cika ajiye pepet a can ba, shi ya sa bitte ke fita da e a buɗe wangam. Amma a titin Jakarta ba mai cewa benar ko dapat ko malas. Bener ake cewa, dapet, males, da dusasshiyar e a gaɓar ƙarshe. Sautin da malama ke ta nema a allo yana bakin yaran tun a kantin makaranta, sai dai an koya musu cewa wannan maganar 'yan tasha ce, ba a shiga da ita aji.

Ƙamus ɗin Duden yana ɗiga ɗigo a ƙarƙashin wasalin da ake dannawa in gajere ne, ya ja layi in dogo ne, littattafan koyo da yawa ma sun ɗauki wannan. Ɗalibi nawa ne ke kwafe ɗigon in yana rubuta sabuwar kalma a littafinsa? Der da die da das, masu nuna jinsin suna, yake kwafewa, don su ake ci maki a kai. Malaman da suka san aikinsu ba su tsaya ga ɗigo ba. Sukan sa aji ya yi kalmar da gunji, baki rufe, sai kiɗanta kawai. Ko a taka ƙasa a gaɓa mai nauyi. Ko a riƙe robar ɗaure kuɗi a ja ta daidai wurin a sake ta. Baligi mai digirin jinya yana jan roba yana cewa MediKAment, a'a, MedikaMENT, abin da ban dariya, amma jiki yakan riƙe abin da ido ya manta. Waƙa ma tana taimakawa, kuma ba banza ba: tun 1624 Martin Opitz ya kafa wa mawaƙan Jamus sharaɗin cewa ma'aunin baiti ya bi dannin kalma na asali, don haka duk wanda ya haddace baiti huɗu ya haddace dannin kalmomin ciki ko bai so ba. Pantun, salon waƙar Malay da Indunusiya, wanda UNESCO ta sa a jerin gadon duniya a 2020, ba ruwansa da wannan. Ɗango huɗu ne, gaɓa 8 zuwa 12 kowanne, da amsa-amo a tsallake. Ƙirga yake yi, ba awo ba. Kowane harshe abin da kunnensa ke ajiyewa da shi ya gina waƙarsa.

Wanda ya daɗe a Jamus kuwa, kiɗan yakan bi shi gida. B. J. Habibie ya tafi Aachen karatu a 1955, ya yi digirin dakta a 1965, ya yi shekaru yana ƙera jiragen sama a Hamburg kafin ya koma gida har ya shugabanci ƙasar daga 1998 zuwa 1999. Mutanensa sun daɗe suna cewa ko harshen Indunusiya yake yi, Jamusanci na leƙowa ta cikinsa, masu barkwanci ma da wannan suke kwaikwayonsa.

Bai kamata dai a tsorata ɗalibi da cewa akwai Jamusanci ɗaya tilo da aka saukar ba. Daidaitaccen furucin da ake koyarwa, tushensa littafin da Theodor Siebs ya fitar a 1898, kuma don 'yan wasan dandamali aka tsara shi. A waje kowa da nasa. Bajamushe na cewa MathemaTIK, ɗan Ostiriya MatheMAtik. Mutanen Suwizalan suna janyo nauyin kalmomin Faransanci zuwa gaba, har gajerun sunaye irin na kamfanin jirgin ƙasansu a harafin farko suke dannawa. MOtor da MoTOR duk Duden ya yarda da su. Nas ɗin da ta haddace KAFfee a Bandung ta samu makinta, in aka tura ta wani gari a Bavariya za ta tarar tsofaffin ɗakinta KafFEE suke nema da safe, a Biyana kuwa in ta ce KAFfee, mai kawo kofin zai ɗauka daga arewacin Jamus ta koyo, kuma ba lallai ya ɓoye ra'ayinsa ba.